A Kujerar Wa Nake Zaune?

Washegarin Babbar Sallar 2023, Alhamis 29 ga Yuni, ina tsakar gidanmu a Zariya da gatari a hannu ina daddatsa ƙashin rago, Umma da ƙannena suna bakin murhu suna suya, sai yayata ta fito daga ɗaki riƙe da waya. Ta ce, "Kai ɗan Amurka, ka ji abin da kotunku ta yi?" Na goge hannu a jikin wando na karɓa. Kotun Ƙolin Amurka ce ta haramta wa jami'o'i duba launin fatar ɗalibi wajen ba shi gurbin karatu. Takardar samun gurbina kuwa tana cikin durowar Baba tun watan Maris, saura wata biyu in tashi. Yaya ta ce na tsallake rijiya da baya. Baba yana kan tabarma yana jan carbi, bai ko ɗago kai ba ya ce, "Wace rijiya? Yaro da makinsa ya shiga." Maganar Baba ta yi mini daɗi, na koma na ci gaba da sara.

Yanzu ina aji uku a wata jami'a da ke tsakiyar Amurka, a garin da ƙanƙara ke lulluɓe shi kusan wata huɗu a shekara, kuma har yau maganganun nan biyu ba su bar kaina ba. Ajinmu ne 'yan autan tsohon tsari. Mu ne na ƙarshe da aka karanta takardunmu ana ganin launinmu a rubuce.

A Amurka aka haife ni, lokacin da Baba yake karatun digirinsa na uku, aka dawo da ni gida ban cika shekara biyu ba. Abin da ya haɗa ni da ƙasar shuɗin fasfo ne kawai. Da na zo cike fom ɗin neman jami'a, na iso wurin da ake tambayar asalin mutum, na danna akwatin da aka rubuta baƙar fata ko Ba'amurke ɗan asalin Afirka, na wuce. Abin ma dariya ya ba ni, don kakata Fari take kirana, wai na ɗebo hasken dangin Umma. Ban san cewa a kan ɗan akwatin nan an shafe shekara arba'in da biyar ana shari'a ba.

Ƙarar da ta kashe tsarin, wata ƙungiya ce mai suna Students for Fair Admissions, wadda Edward Blum ya kafa, ta shigar da ita a 2014 a kan Jami'ar Harvard da Jami'ar Karolina ta Arewa. Zarginta shi ne ana danne ɗalibai 'yan asalin Asiya don a ɗaga wasu. Alƙalai shida suka goyi bayanta, uku suka ƙi. Alƙalin Alƙalai John Roberts ya rubuta cewa kawar da wariyar launin fata yana nufin kawar da ita dukanta. Mai shari'a Ketanji Brown Jackson ta mayar masa da cewa don doka ta ce launi ba shi da tasiri, wannan ba zai sa ya rasa tasiri a rayuwa ba. A nan makaranta kowa ya ɗauki ɗaya daga cikin jimlolin nan biyu ya rataya a wuya kamar laya. Ni na kasa, don kowacce na ɗauka sai na ji ta bar wani abu a ƙasa.

Ramin da aka zo cikewa ba tsohon labari ba ne. Najeriya tana da shekara biyu da samun 'yancin kai, a 1962, lokacin da James Meredith, tsohon sojan sama, ya je yin rajista a Jami'ar Misisipi. Tarzoma ta tashi, mutum biyu suka mutu, sai da Shugaba Kennedy ya tura dubban sojoji kafin ɗalibi ɗaya baƙi ya zauna a aji. Shekara ta zagayo, gwamnan Alabama George Wallace ya tsaya da kansa a bakin ƙofar jami'ar jiharsa don ya tare Vivian Malone da James Hood. Ita kanta Jami'ar Karolina ta Arewa da aka kai ƙara, sai a 1955 ta fara ɗaukar baƙaƙe a matakin digirin farko, shi ma da umarnin kotu. A 1965 Shugaba Lyndon Johnson ya tsaya a Jami'ar Howard ya ce ba za ka ɗauko mutumin da ya daɗe ɗaure da mari ba, ka kwance shi, ka ajiye shi a layin fara tsere, ka ce ya fafata da kowa, sannan ka ɗauka ka yi adalci. Daga wannan tunani aka samo abin da suke kira afamatif akshin, wanda ni nake fassara wa Umma da ɗaga ƙafa. Asalinsa biyan bashi ne, kuma an san waɗanda ke bin bashin: jikokin bayin da aka yi noman auduga da rake da guminsu, aka kuma ƙara musu kusan shekara ɗari na dokokin wariya bayan an 'yanta su.

Inda abin ya karkace shi ne 1978. Wani Bature mai suna Allan Bakke ya kai ƙarar makarantar likitanci ta Jami'ar Kalifoniya da ke Davis, saboda ta ware gurbi 16 cikin 100 ga 'yan tsiraru. Kotu ta ce ware adadi haramun ne, amma ana iya duba launi a matsayin abu ɗaya cikin abubuwa da yawa. Sai dai dalilin da Mai shari'a Lewis Powell ya amince da shi ba gyaran zaluncin da al'umma ta yi a baya ba ne, wannan ya yi watsi da shi. Abin da ya karɓa shi ne cewa aji yana ƙaruwa idan an cakuɗa mutane iri-iri. Tun daga ranar, jami'o'i suka daina maganar bashi, suka koma maganar armashin aji. In kuwa armashi ake nema, ai kowace baƙar fuska ta wadatar. Ba a tambayar daga wane gida ta fito.

Wannan ban gane shi a littafi ba, a wani ɗakin taro na gane shi, wata biyu da zuwana. Taron ƙungiyar ɗalibai baƙaƙe ne, ana cin fiza mai sanyi ana muhawara kan hukuncin kotu, kowa yana huci. Sai wata ɗaliba 'yar aji uku, daga wani ƙaramin gari a Misisipi, ta miƙe ta ce tana da tambaya ɗaya. Ta ce duk wanda kakanninsa huɗu a ƙasar nan aka haife su ya ɗaga hannu. Hannuwan da suka tashi ba su kai rabin ɗakin ba. Sauranmu 'ya'yan Ibo da Yarbawa ne, da 'yan Gana, da Habashawa, da 'yan Jamaika da Haiti, sai ni Bahaushe tilo a can baya kusa da hita. Ba ta ƙara komai ba, ta zauna. Ɗakin ya yi tsit, har ana jin ƙarar injin lemo a waje.

Daga baya na gano ba yau aka fara tambayar ba. A wani taron tsofaffin ɗaliban Harvard baƙaƙe, malamai biyu na jami'ar, Henry Louis Gates da Lani Guinier, sun ce mafi yawan ɗalibansu baƙaƙe, wataƙila har kashi biyu cikin uku, baƙin haure ne daga Afirka da tsibiran Karebiyan, ko 'ya'yansu, ko kuma ruwa biyu. Wani bincike da aka buga a 2007, wanda Douglas Massey na Princeton yake cikin marubutansa, ya gano cewa baƙi da 'ya'yan baƙi kashi 13 ne kacal cikin ɗari na matasa baƙaƙe masu shekarun shiga jami'a, amma a manyan jami'o'in da ake kira Ivy League da aka duba sun kai kashi 41 na ɗalibai baƙaƙe. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ni ne gardin.

Ban yarda da sauƙi ba. Bayan kwana biyu na tare ɗalibar Misisipin a ɗakin karatu, na ce mata, "'Yar'uwa, ɗan sanda in ya tsayar da ni a hanya ba ya tambayata inda aka haifi kakana." Ta ce gaskiya ne, kuma ba ta ce ba na shan abin da take sha a titi ba. "Amma banki ya tambayi kakana," in ji ta. Ta ba ni labarin yadda tun daga shekarun 1930 hukumomi suka riƙa zagaye unguwannin baƙaƙe da jan layi a taswira, alamar kada a ba da rancen sayen gida a nan, da yadda sojoji baƙaƙe da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu da yawansu suka kasa cin moriyar tallafin gida da karatu da takwarorinsu farare suka gina arziki da shi. A Amurka gida shi ne gado, kuma harajin gidajen unguwa yana cikin manyan hanyoyin da ake ciyar da makarantun gwamnati. Unguwar da gidajenta ba su da daraja, makarantarta ma haka. Ƙididdigar Babban Bankin Amurka ta 2022 ta nuna matsakaicin iyalin farare yana da dukiyar kusan dala 285,000, na baƙaƙe kuwa bai cika 45,000 ba. Makarantar sakandarenta ba ta da malamin kimiyyar lissafi mai zurfi, a intanet ta koya. Ni kuwa a gidan malamin jami'a na tashi, falonmu kantar littattafai ce bango guda, kuma Baba ya biya wa wani malami kuɗin lesin wata uku don jarrabawar SAT ta neman shiga jami'o'in Amurka kaɗai. A naira ba mu da wani abin a zo a gani. A abin da jami'a take aunawa kuwa, ni ɗan gata ne. Amma ni da ita akwati ɗaya muka danna.

Ɗan Arewa ba baƙo ba ne a wannan magana, shi ya sa take yi mini ciwo ta wurare biyu. A jami'o'in tarayya na Najeriya ƙa'idar ita ce kashi 45 na gurabe a ba da bisa cancanta, 35 ga 'yan yankin da jami'a take, 20 ga jihohin da aka ce suna baya a ilimin boko, waɗanda yawancinsu namu ne. Na san yadda kalmar "ɗan kota" take sauka a kunne. Wani ɗan baffana ya yi karatu a Kudu, shi ne na biyu a ajinsu, amma har ya gama ana yi masa kallon wanda aka shigo da shi ta taga. Mai shari'a Clarence Thomas, baƙar fata kuma babban mai adawa da ɗaga ƙafa, ya ba da labarin yadda ya ɓamɓaro tambarin farashi na senti 15 ya liƙa a jikin firam ɗin digirinsa na Yale, don yana ganin zaton da ake yi cewa launinsa ne ya shigar da shi ya zubar da darajar takardar. Ba na bin Thomas a yawancin ra'ayoyinsa, amma wannan ɗacin na san ɗanɗanonsa. Na kuma san wanda yake cin kashi 20 ɗin nan a gida. Sau da yawa ɗan babban sakatare ne da ya yi makarantar kuɗi a Abuja, wanda rabonsa da ƙauyensu tun ranar da aka kai shi karɓo takardar shaidar ƙaramar hukuma. Ɗan manomin da aka yi tsarin dominsa bai ma kai ga zana JAMB ba. Duk da haka, in aka ce gobe a soke kason nan a bar komai yadda yake, ba zan yi murna ba. Tarihin wuraren biyu ba ɗaya ba ne, namu bai fito daga jiragen bayi ba, amma cutar tsarin iri ɗaya ce: ana auna tambarin da ke goshin mutum, a bar abin da ya taka kafin ya iso.

Akwai kuma waɗanda aka yi ƙarar da sunansu. Abokiyar aikina a ɗakin gwaje-gwaje 'yar asalin Biyetnam ce, mahaifiyarta tana gyaran farce a shago awa goma a rana, mahaifinta yana aikin dare a masana'antar nama. Ta ce mini tun tana aji huɗu na sakandare aka riƙa ba ta shawarar kada ta rubuta cewa tana son likitanci ko tana kaɗa piyano, don kada ta yi kama da "sauran". A shari'ar Harvard ya fito fili cewa a ma'aunin da suke kira na halayya, wanda ke auna abubuwa kamar kirki da jarumta da farin jini, 'yan Asiya sun fi kowa samun ƙaramin maki, alhali sun yi zarra a karatu. Alƙaliyar kotun farko, Allison Burroughs, ta ce a 2019 ba a tabbatar da wariya da gangan ba. To, amma biri ya yi kama da mutum, musamman ga wanda ya san cewa a 1922 shugaban Harvard na lokacin, Lawrence Lowell, ya nemi a ƙayyade yawan Yahudawa, da abin ya ƙi ta ƙofar gaba sai aka ɓullo da auna "hali". Wasu abokaina suna cewa ai Blum amfani kawai ya yi da 'yan Asiya, tunda a baya ya gwada da wata Baturiya, Abigail Fisher, a kan Jami'ar Teksas ya faɗi a 2016. Wannan gaskiya ne. Amma don wanda ya ɗauko kukanka yana da tasa manufa, ba shi ne ya sa hawayenka ya zama ruwan famfo ba.

Abin da ya fi ɓata mini rai a hukuncin shi ne ƙofar da aka bari a buɗe. Takardun da aka tono a shari'ar nan ɗaya sun nuna cewa sama da kashi 43 cikin ɗari na farare da Harvard ta ɗauka sun shigo ne ta ɗaya daga hanyoyi huɗu: 'yan wasa, 'ya'yan tsofaffin ɗalibai, 'ya'yan ma'aikata, ko waɗanda ke cikin jerin musamman na shugaban sashen ɗaukar ɗalibai, inda 'ya'yan masu ba da gudummawar kuɗi suke. Masanan da suka yi lissafin, ciki har da wanda ya ba da shaida a ɓangaren masu ƙara, sun ƙiyasta cewa kusan uku cikin huɗu na waɗannan da ba a ɗauke su ba in ba don wannan gata ba. Ɗan tsohon ɗalibi yana da damar shiga kusan ɗaya cikin uku, a makarantar da take ɗaukar kusan shida cikin ɗari na masu nema a wancan lokacin. Kuma wasan da ake magana ba ƙwallon kwando kaɗai ba ne, har da tseren kwale-kwale da wasan takobi da sikwash, wasannin da ɗan talaka bai taɓa ganin filinsu ba. Wata guda bayan hukuncin, Raj Chetty da abokan aikinsa suka fitar da bincike cewa ɗan gidan da ke cikin kashi ɗaya cikin ɗari mafi arziki ya fi ɗan matsakaicin gida damar samun gurbi a irin waɗannan jami'o'i da kusan kashi 34 cikin ɗari, ko da makinsu na jarrabawa ɗaya ne.

Wannan ita ce alfarma, irin wadda muka sani a gida, ta "ɗan wane ne", sai dai an sa mata kwat da nakatayel. Gadon gurbi kuwa, wato fifita 'ya'yan tsofaffin ɗalibai, ana gadonsa ne daga kakannin da suka yi karatu lokacin da ake tsayawa a bakin ƙofa ana tare baƙi. Jihohi kaɗan sun fara hana shi, Kolorado a 2021, sai Bajiniya da Maryland da Kalifoniya a 2024, kuma jami'o'i irin su Johns Hopkins da Amherst sun bari da kansu. Yawancin manyan har yau suna riƙe da abinsu. Duk wanda ya yi ta ihun cancanta a 2023 sannan ya yi gum a kan wannan, ni dai ban gamsu cewa cancanta ce ta dame shi ba.

Sakamako bai ɗauki lokaci ba. A jami'ar kimiyya da fasaha ta MIT, ajin da ya shiga a 2024 baƙaƙe kashi 5 ne cikin ɗari, daga kusan 13 a shekarun baya. A Amherst suka sauko daga 11 zuwa 3. Harvard ta ce daga 18 zuwa 14. Wasu kamar Yale ba su motsa sosai ba a shekarar farko, har ƙungiyar Blum ta fara yi musu kallon tuhuma. Kalifoniya ta riga ta ga wannan fim, don tun 1996 masu zaɓenta suka haramta tsarin, kuma jami'ar jihar ta shaida wa Kotun Ƙoli cewa ta kashe sama da dala rabin biliyan wajen neman wasu hanyoyi ba ta cike giɓin ba.

Roberts ya bar ɗan lungu guda: ɗalibi yana iya rubuta yadda launinsa ya shafi rayuwarsa a cikin maƙalar neman gurbi. Ranar Asabar nakan je wata sakandare a gefen gari in taya 'yan ajin ƙarshe gyara maƙalunsu. Wani yaro ya kawo mini tasa a kan yadda yake tsinto matattun kekuna a bola yana tada su, har ya gano dalilin da ya sa sarƙa take zamewa a wani irin giya. Rubutu ne mai rai, kana karantawa kana jin ƙanshin giris. Mako na gaba ya dawo da wata sabuwa, a kan daren da aka harbe yayansa. Ya ce an ba shi shawarar ita za ta fi "aiki". Yana miƙo mini takardar yana kallon ƙasa. Ɗan gadon gurbi yana da 'yancin rubuta labarin karensa ko hutun da ya yi a Italiya. Wannan yaro kuwa sai ya buɗe gyambonsa ga baƙin da bai taɓa gani ba, su duba su ga ko ya yi zurfin da ake so. Na gyara masa waƙafi da aya, ban ce masa komai ba, kuma har yanzu ina jin kunyar shirun.

Siyasa kuma ba ta tsaya a bakin kotu ba. Fulorida da Teksas sun yi dokokin rufe ofisoshin kula da bambancin jinsi da asali a jami'o'in gwamnati, ta Teksas ta fara aiki a Janairun 2024. Da Donald Trump ya dawo a Janairun 2025, ya soke umarnin da Johnson ya sa wa hannu a 1965 kan 'yan kwangilar gwamnati, a watan Afrilu kuma gwamnatinsa ta dakatar da sama da dala biliyan biyu na kuɗin Harvard, daga baya ta nemi hana ta ɗaukar ɗalibai daga ƙasashen waje, sai kotu ta taka birki. A makarantarmu an wayi gari an sauya allon da ke ƙofar ofishin da muke zuwa shan shayi, ma'aikatan su ne dai, kujerun su ne, sunan ne ya koma wani abu da ba ya nufin komai. Abokaina masu biza sun goge rabin abin da suka taɓa rubutawa a Instagram. Ni ma da koren fasfo kaɗai nake da shi, da wuya in rubuta wannan.

Amma ba zan yi wa 'yan ɓangarena kara ba. A cikin jami'a ana magana kamar duk mai adawa da ɗaga ƙafa ɗan wariya ne. A Nuwamban 2020, ranar da Kalifoniya ta ba Joe Biden sama da kashi 63 na ƙuri'unta, a wannan akwatin dai kusan kashi 57 suka ƙi amincewa a dawo da tsarin. Ba duka ne jikokin Wallace ba. Jami'o'i sun shafe shekaru suna kare abin da kalmomi masu santsi da ba wanda ya gaskata, suna ƙin faɗin ainihin yadda suke auna mutane, sai da lauyoyi suka tilasta musu buɗe durowa. Wanda ya ɓoye ma'auninsa kada ya yi mamaki in an ce mudunsa a lotse yake.

Wani lokaci kuma in ina aikin wanke tire a ɗakin cin abinci sai in ji duk muhawarar ta yi mini nisa. Shugabar aikinmu dattijuwa ce baƙar fata, shekararta ashirin da wani abu a wurin, ni Anti nake ce mata, ita kuma tana kirana ɗana, tana ajiye mini kifi a gefe ranar da aka dafa naman alade. Ɗanta yana kwalejin shekara biyu ta unguwa, ya dakatar da karatu sau biyu saboda 'yan ɗaruruwan daloli da gyaran mota. Irin makarantarsa ce take ɗauke da miliyoyin ɗaliban Amurka, kuma ba ta korar kowa saboda launi ko maki. Jami'o'in Ivy League takwas gaba ɗaya ba su ɗauke da ko kashi ɗaya cikin ɗari na masu digirin farko. Sai dai kada a ce don haka ba su da muhimmanci: takwas daga alƙalai taran da suka yanke hukuncin nan, Harvard ko Yale suka yi karatun lauya.

In da za a tambaye ni, a fara da rushe gadon gurbi, yau ba gobe ba. Sannan a auna abin da ake iya aunawa: dukiyar gida ba albashin shekara kaɗai ba, unguwar da yaro ya tashi, da abin da makarantarsa take koyarwa da wanda ba ta da malaminsa. Teksas tun 1997 take ba waɗanda suka fi ƙwazo a kowace sakandare gurbi kai tsaye a jami'o'in jiha, kuma abin baƙin cikin shi ne tsarin yana kawo baƙaƙe ne saboda makarantun har yanzu a ware suke. Irin wannan ma'auni zai ɗaga ɗalibar Misisipi, ya ɗaga 'yar mai gyaran farce, ya ɗaga ɗan Baturen da ubansa ya rasa aikin haƙar kwal. Ni ba zai ɗaga ni ba, kuma daidai ne. Ba zai biya bashin da Johnson ya ambata ba, wannan yanzu doka ta toshe hanyar biyansa ta ƙofar jami'a, amma aƙalla ba za a riƙa miƙa kuɗin ga wanda ya zo wucewa ba.

Mu kuma 'yan Afirka da muka zo daga baya, akwai maganar da nake ji a tarukan suna da walimar 'yan Najeriya a nan, bayan an ci shinkafa an ƙoshi: wai mu muna da himma, su kuwa baƙaƙen Amurka ragwaye ne. Mai faɗin haka yawanci likita ne ko injiniya da ya sauka daga jirgi da digirinsa a jaka. Ya manta, ko bai taɓa sani ba, cewa dokar shige da fice ta 1965 da ta buɗe wa irinmu ƙofa a cikin guguwar gwagwarmayar waɗannan mutane aka haife ta. Ya manta cewa tun kafin nan, Jami'ar Lincoln ta baƙaƙe ce ta ba Nnamdi Azikiwe da Kwame Nkrumah kujera.

Da ƙaramar Sallar bana na kira gida, bayan gaisuwa da barka na kwashe duk wannan na faɗa wa Baba. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "To, makin naka ba kai ka ci ba?" Na ce ni na ci, Baba, amma wa ya biya kuɗin lesin? Layin ya yi shiru har na ɗauka ya yanke, ina jin hayaniyar yara 'yan yawon Sallah a bayansa. Can ya ce, "Ita yarinyar ta Misisipin, me take yi yanzu?" Na ce ta gama, tana aiki a wani ofishin ba talakawa taimakon shari'a, tana tara kuɗin jarrabawar shiga makarantar lauyoyi, ga bashin karatu yana jiranta. Ya ce in gaishe ta, in kuma tambaye ta nawa ne kuɗin jarrabawar.